Tatsuniyar Kaka Ba Hujja Ba Ce

Minti goma sha ɗaya kacal gyaran Malam Duan Kun-lin ya yi a shafin ƙauyensu kafin a goge shi. Ko shayin da ya zuba bai huce ba.

Ya tsura wa kwamfuta ido, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Babu canji. Jimlar da ya rubuta ta tafi, tsohuwar ta dawo mazauninta daram: "Mazauna Pai-ling duka 'yan Han ne." Wato zuriyar waɗanda suka ƙetaro teku suka cika tsibirinsu, ba 'yan asalin ƙasa ba. A ƙasa ga dalilin da aka bayar, gajere: babu madogara. Mai gogewar kuwa Hsu Chia-ning ce, yarinyar da shi da kansa ya koya wa yadda ake saka sunan littafi da lambar shafi a gindin rubutu.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara goma sha biyu Malam Duan ya yi yana goge rubutun mutane a kundin ilimi na intanet, wannan da kowa ke shiga ya rubuta ba da ko sisi ba, amma ba a taɓa goge nasa ba. Da can ma'aikacin gidan waya ne a birnin Tainan, irin waɗanda ke mayar maka da wasiƙa don ka manta lambar lungu. Da ya yi ritaya sai ya tattara halin nan kaf ya kai kundin. Ka rubuta cewa gadar garinku ta fi ta maƙwabta tsufa, kafin ka tashi daga kujera ya liƙa maka 'yar alamar nan a ƙarshen jimla: ina hujja? Har abin ya zame masa suna. A bayan idonsa Malam Ina-Hujja ake ce masa, ya kuma sani, kuma daɗi yake ji.

Abin da ya fi ƙona masa rai, dokar da Chia-ning ta kafa hujja da ita tasa ce. Shekara takwas da suka wuce, da rigima ta yi yawa a shafukan ƙauyuka, kowa na cewa kakanninsa 'yan kaza ne, shi ya zauna ya tsara ta, aka jefa ƙuri'a ta wuce: ba a faɗin ƙabilar mutanen gari sai da abin da ƙidayar gwamnati ko bugaggen littafi ya faɗa. Takardar gida, hoton kabari da maganar tsofaffi ba sa shiga. A lokacin har yabonsa aka yi.

To, a watan jiya ne takardar gida ta zo masa har hannu. Mahaifiyarsu ta rasu, za a juya gonar mangwaro zuwa sunansa da na yayarsa Su-lan, aka ce sai sun kawo tsohuwar rajistar gida tun ta zamanin mulkin Japan. Ya je ya karɓo kwafi. Yana tsaye a bakin ofishin yana dubawa, don shi ba ya riƙe takarda bai karanta ba, sai ya ga wani ɗan gurbi da aka rubuta wa "jinsi". A gefen sunan kakansa, da na kakarsa, da na mahaifiyarsa tana jaririya, harafi guda ne aka dangwala da tawada: nunanne.

Ya san kalmar, ya sha karanta ta a kan wasu mutane. Haka masu mulkin suka raba 'yan asalin tsibirin: na kan duwatsu ɗanyu, na kwari da suka saba da baƙi nunannu. Kamar mangwaro a kwando. A kwarin su Pai-ling kuwa, nunanne ba shi da wata ma'ana sai ƙabilar Siraya. Shekararsa sittin da uku a duniya, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya tuna ɗan tulun da ke bayan ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wanda take canza wa ruwa ranar ɗaya ga wata da ranar sha biyar, ta ajiye goron pinlang a gindinsa. Shi duk a zatonsa tsabar son tsafta ce irin ta tsofaffi, bai san bautar Siraya ba ce.

Sati uku yana juya abin a ransa, ranar nan ya rubuta jimla guda: mutanen Pai-ling da yawa zuriyar Siraya ne. Ita ce aka goge masa a minti goma sha ɗaya.

Ya mayar da ita. Chia-ning ta sake gogewa. Ya sake mayarwa. A karo na uku ta bar masa saƙo a shafin tattaunawa, cikin ladabin nan da ya fi zagi ciwo: "Malam, in muka ci gaba za a rufe mu duka biyu. Mu bari sai Asabar."

Asabar ta farkon kowane wata marubutan kundin na Tainan ke haɗuwa a saman wani shagon shayi, bayan tashar jirgin ƙasa. Mutum bakwai suka zo. Malam Duan bai ko zauna ba, ya zaro kwafin rajistar daga jaka ya buga a tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Ga ta nan. Hatimin hukuma, tawadar hukuma, rubutun hannun ɗan sandan Japan. Wanda ya ce wannan ba hujja ba ce ya tashi ya faɗa mini a fuska."

Chia-ning ta ajiye cokali. Ma'aikaciyar laburare ce, shekararta ashirin da takwas, ba ta iya ɗaga murya ba, kuma ba ta iya ja da baya ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To. Takardar gida ce. Ba a buga ta ba, ba wanda zai shiga laburare ya duba ta. Kai ka koya mini."

"Na koya miki ki yi aiki da hankali, ban koya miki ki zama na'ura ba!"

"A'a, Malam. Cewa ka yi ranar da muka fara tausaya wa mutum guda, kundin ya zama bangon makewayi, kowa ya zo ya zana. Na rubuta maganar a littafina, in kana so in nuna maka."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Likita Tseng, mai cire haƙori, wanda ya rubuta shafin kusan kowane gidan bauta a birnin, ya jawo takardar ya kanga ta a hancinsa.

"Kai tsoho Duan, ashe nunanne ne kai? Shi ya sa kake ta zubowa kwanan nan."

"Tseng, kada ka sake ka yi mini wasa da wannan."

"Na bari, na bari. Amma duba nan. Ina Siraya a takardar nan? Ni dai nunanne na gani. In za mu bi ta, sai mu rubuta abin da ta faɗa: mutanen Pai-ling nunannu ne. Kana so a rubuta wa mahaifiyarka haka, duniya ta karanta?"

"Kowane jaki a ƙasar nan ya san abin da kalmar ke nufi a kwarinmu!"

"Kowa ya sani," in ji Chia-ning, "shi ne farkon jimlar da ka fi gogewa."

Nan fa ya ji kamar ya kifar da teburin. Gaskiya ce, kuma daga bakinsa ta fito, shi ya sa ta yi ɗaci. Ya ja kujera ya zauna, ba don ya huce ba.

"To ƙidayar da kuke taƙama da ita fa? Kun taɓa buɗe takardar tambayoyinta? Ƙabilun da gwamnati ta amince da su ne kawai ke da layi. Siraya ba su da layi. Ka tambayi mutum da ba ka ba shi wurin amsa ba, sannan ka ce bai amsa ba, don haka babu shi? Wace irin ƙidaya ce wannan?"

"Irin wadda ka ce mu bi," in ji Tseng.

"Na yi kuskure!"

Ba a taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Chia-ning ce ta amsa, a hankali.

"In kuskure ne, ka kawo shawara a canza dokar, a tattauna, a yi ƙuri'a. Amma ka san shafi nawa muka goge da ita? Sun fi ɗari uku. Ba za mu buɗe maka ƙofa kai kaɗai don kakarka ce ba. Ka nemo mana littafi guda, ko ƙasida guda, da ta ambaci Pai-ling. Ni da hannuna zan saka."

Ya nema ai. Kwana goma ya yi a laburare. Malaman jami'a sun rubuta kan manyan ƙauyukan Siraya masu bikin dare da gidan tuluna, ba wanda ya taɓa tsayawa a Pai-ling, gida arba'in da gonar mangwaro.

Sai Tseng ya lalubo wani ɗan littafi mai sheƙi daga jakarsa, irin wanda ake rabawa masu yawon buɗe ido.

"Ni na samo, amma ba zai yi maka daɗi ba. An buga shi shekara uku da suka wuce. Shafi na sha huɗu: mazauna Pai-ling duka 'yan Han ne. Ka ga yanzu hujja ta zama biyu."

Malam Duan ya fizge littafin. Ya karanta sakin layin, ya sake karantawa. Kalma bayan kalma, har da waƙafin da yake sakawa inda ba kowa ke sakawa ba.

"Wannan ai rubutuna ne! Daga shafina suka kwafe, ko kunyar canza waƙafi ba su ji ba!"

"To ka ga an yarda da kai ke nan."

"Wato ni na faɗa, su suka buga, yanzu kuma ku za ku ɗauko shi ku toshe mini baki da shi?"

Chia-ning ta ce lallai wannan ba za a karɓa ba tunda daga kundin ya fito, amma rajistar ma ba za a karɓa ba. Aka ɗaga hannu. Huɗu suka bi ta, ɗaya ya ce shi shayi ya zo sha. Malam Duan ya naɗe takardarsa ya miƙe.

"Ke dai ba ki da zuciya," ya ce mata. "Takarda ce a ƙirjinki."

Wannan ta shige ta. Fuskarta ta yi ja, ta zaro wayarta ta yi 'yan latse-latse, ta tura masa a kan tebur.

"Ban so in nuna maka a gaban mutane ba. Ba kai ka fara kawo maganar nan a shafin nan ba. Kafin in taɓa gyaranka sai da na duba tarihin shafin, in ga yadda aka yi a baya. Sawunka na bi."

Kundin ba ya mantuwa. Duk abin da aka rubuta aka goge yana nan a tarihin shafi, da rana da minti. Shekara bakwai da suka wuce, wata Laraba da hantsi, wani marar suna ya ƙara layi uku a ƙarƙashin jimlarsa:

"Mu ba 'yan Han ba ne, mu mutanen tulu ne. Uwata ta canza wa tulu ruwa, uwarta ma haka. Wanda bai yarda ba ya zo ya sha shayi in nuna masa."

Minti huɗu bayan nan, ga sunansa, ga dalilinsa: "Tatsuniyar kaka ba hujja ba ce. An goge."

Bai tuna ranar ba sam, irinta dubu nawa ya goge. Amma ƙarshen maganar ya tsaya masa a rai. Ya zo ya sha shayi in nuna masa. Mutum guda ya sani a duniya da ke rufe kowace gardama da haka, ko kan iyakar gona ce ko kan wanda ya fi iya jiƙa kabeji. Ya ajiye wayar, ya sauka matakala bai yi wa kowa sallama ba.

Motar ƙarfe uku ya hau zuwa Pai-ling. Ya tarar da Su-lan a gona, kan ɗan tsani, tana ɗaura wa 'ya'yan mangwaro farar takarda saboda ƙuda. Ta girme shi da shekara biyar, ita ta zauna da tsohuwar har ƙarshe. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Yau kuma wace iska ce ta kaɗo mana malamin birni?"

"Yaya, sauko. Wa ya rubuta wannan?"

Ta leƙo wayar daga saman tsani, ta mayar da kanta ga reshe.

"Au, sai yau ka gani?"

"Tambayarki nake yi!"

"Kada ka yi mini tsawa a gonar ubana, A-lin. Ni na buga. Ita ta faɗa."

Ta sauko, ta zare safar hannu ta jefar a kwando. Abin da ta haɗiye shekara bakwai ya taso gaba ɗaya.

"Ka tuna da ka bugo shafin nan a takarda ka kawo mata, kana ta hura hanci wai ka saka ƙauyenmu a idon duniya? Ta sa na karanta mata sau uku. Da na zo kan duka 'yan Han ne, sai ta ce in tsaya. Kwana biyu ba ta yi magana ba. Rana ta uku ta ce, tunda ka ce kowa na iya rubutu a wurin, in rubuta mata."

"Me ya hana ta gaya mini? Ba ɗanta ba ne ni? Ba ta da bakin magana ne?"

"Da wane bakin? Matar da tana yarinya ake binta da jifa ana ce mata 'yar daji? Wadda ta mare ni don na kira tulun da sunansa a gaban baƙi? Ita ta ɓoye maka don ka yi karatu ka shiga birni ba a nuna ka da yatsa ba. Bayan shekara hamsin ta dube ka ta ce ƙarya na yi maka? Ba ta iya ba. Sai ta ce bari ta je inda kake zama ta faɗa maka a can, tunda a can kake jin magana."

"Ba ta sa suna ba. Ta yaya zan san ita ce?"

"Da wata tsohuwar ce daban fa? Ita ba uwar wani ba ce?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ko tashi daga gaban kwamfutar ba mu yi ba amsarka ta zo. Ta ce in karanta. Na ce babu komai, na'ura ce ta lalace. Ta ce Su-lan, karanta. Na karanta mata, da sunanka da komai. Ka san abin da ta ce? Ta ce, to ai na ce ya zo ya sha shayi. Ranar Lahadi da ka zo ta fito da kofunan baƙi, ta jawo tulun daga bayan ƙofa ta ajiye a kan tebur, ƙiri-ƙiri a gabanka. Ka sha kofi biyu kana latsa waya, ka ce a kawar da tulun nan kada yara su fasa. Ta mayar da shi. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ta hana ni."

Ya tuna Lahadin. Wato ya tuna kofunan, don ya yi mamakin fitowarsu ba baƙo a gida. Fushin da ya ɗauko tun daga shagon shayi, na Chia-ning, na Tseng, na ɗan sandan Japan da masu ƙidaya, duk ya rasa inda zai sauka, ya juyo kansa. Kunya ta rufe shi, irin wadda babu wanda za ka je ka ba haƙuri.

Ya zauna a kan wani kwandon da aka kifar. Ya daɗe. Su-lan ta koma kan tsaninta, sai ƙarar takarda kake ji.

Can ya buɗe shafin a wayarsa. Mayar da layukan uku ba zai yiwu ba, kafin ya kai bakin titi za a goge, kuma da gaskiyarsu. Ya gangara zuwa tasa jimlar, ya latsa 'yar lambar da ke gindinta, ya buɗe teburin ƙidayar da ya dogara da shi shekara takwas da suka wuce. A layin Pai-ling abu guda aka rubuta: 'yan asalin ƙasa masu rajista, sifili. Kalmar Han ba ta ko'ina a shafin. Shi ya ga sifili, ya cike sauran da kansa, ba kuwa wanda ya taɓa tambayarsa, don wa zai tambayi Malam Ina-Hujja?

Ya cire lambar. A ƙarshen "duka 'yan Han ne" ya liƙa alamar nan tasa. Bai fi minti biyu ba saƙon Chia-ning ya shigo: "Na duba teburin, Malam. Wannan ba zan taɓa ba."

"Ka gyara?" in ji Su-lan daga cikin ganye.

"Ba za su bari in sa nata ba. Na dai sa wa tawa alama."

"Alamar me?"

"Ta tambaya. Ina hujja."

Ta ɗaure bakin takardar da ke hannunta, ta sauko ta ɗauki tsanin a kafaɗa.

"Yanzu kake tambaya, da mai amsar ta tafi," ta ce. "Tashi mu je. Gobe sha biyar ga watan sama, tulun yana ɗakina. Tun da ta rasu ni kaɗai nake canza ruwan, kuma ban san duk abin da ake faɗa ba. Na zaci akwai sauran lokaci, ban tambaye ta ba."